Maki nawa ta ci? Tambayoyin da iyayen 'yan jimnastik ke yi min a Garwa, da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne, wato EPS, a wata lise, wato makarantar sakandare, nan Garwa, kuma Laraba da yamma da Asabar da safe ina koyar da yara jimnastik, wasan alkafura kenan kamar yadda tsofaffinmu ke kiransa. Kayan aikinmu ba wasu masu yawa ba ne, katifu ne da suka ga jiya suka ga yau da benci da wani katako da kafinta ya sassaƙa mana. Bayan wata 'yar gasa da muka yi kwanaki, iyaye biyu sun kusa ba hammata iska a bakin ƙofa kan ɗigo uku na maki, wato 0.3, alhali yaran nasu suna can gefe suna shan ruwan leda tare suna dariya. Shi ya sa na ce bari in tattara tambayoyin da ake yawan tare ni da su in amsa gaba ɗaya, wanda na sani in faɗa, inda nake da ra'ayi ma ba zan ɓoye ba.

Malam, an ce 'yata ta ci 11.4, wannan ta samu mwayen ne ko ta faɗi?

Hajiya nan ne matsalar take farawa. Mu nan Kamaru an raine mu da lissafin lekol, komai a kan 20, 10 ce mwayen, ƙasa da 10 a sha faɗa a gida, to da mun ji 11.4 sai ƙwaƙwalwa ta ce ai da ƙyar ta tsallake. Ba haka makin jimnastik yake ba. A tsarin hukumar duniya ta FIG maki biyu ake haɗawa. Na farko D, makin wahala, yana farawa daga sifili yana hawa gwargwadon wuyar abin da yaro ya yi, kowane motsi da darajarsa, na rukunin A 0.1, na B 0.2, haka yake ta hawa. Na biyu E, makin tsafta, shi daga 10 yake farawa ana zaftarewa duk inda aka yi kuskure. Sai a haɗa su biyun. Kenan 11.4 na iya zama D 3.0 da E 8.4, wanda ga ƙaramar yarinya aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma yana iya zama D 4.5 da E 6.9, wato ta ɗauko kayan da suka fi ƙarfinta ta yi ta tangal-tangal da su. Lamba ɗaya, labari biyu. Kuma a gasannin yara ana yawan sauƙaƙa tsarin, a jarrabawar lekol kuwa a kan 20 muke bayarwa, don haka kafin ki ɗaure fuska ki fara tambaya da wane ma'auni aka auna.

Amma ai mun taso muna jin 10 ita ce ƙarshen maki?

Da can haka ne. A gasar Olamfik ta Montiriyal a 1976 wata yarinya 'yar Romaniya mai shekara 14, Nadia Comaneci, ta ci 10 cif, allon da ke nuna maki ma ba a yi shi don ya ɗauki lamba huɗu ba, sai ya nuna 1.00. Wannan labarin ne ya zauna a kan mutane har yau. Amma a Olamfik ta Atina a 2004 aka yi rigima, alƙalai suka yi kuskure wajen lissafin makin farawa, wato darajar wahalar wasan, na ɗan Koriya ta Kudu Yang Tae-young, zinaren ya tafi hannun Ba'amurke Paul Hamm, hayaniya ta yi yawa, daga 2006 aka koma tsarin D da E ɗin nan da ba shi da rufi. Kaylia Nemour ta Aljeriya da ta ci zinare a sanduna masu hawa biyu a Paris 2024, wadda ita ce ta fara kawo wa Afirka lambar Olamfik a wannan wasa, 15.700 ta samu. In da ɗan lekol ne ya kawo 15.7 a bulten, wato takardar sakamako, sai a ce madalla amma akwai sauran aiki, ita kuwa da shi ta doke duniya.

Ɗana bai faɗi ba ko sau ɗaya, ɗan wane ya faɗi a gaban kowa, amma ya fi shi maki. Wannan ba maguɗi ba ne?

Ba lallai ba Alhaji. Faɗuwa maki 1.0 take ci, tana da ciwo amma ba ta kashe mutum. In wancan yaron ya fara da D da ta fi ta ɗanka da 1.5, ko ya faɗi sau ɗaya yana nan a gaba da rabin maki. Ga kuma ƙananan kurakurai da ido bai cika kamawa daga benci ba, guda goma na 0.1 daidai suke da faɗuwa ɗaya.

To me alƙalan ke gani ne da mu ba ma gani?

Ku kuna kallon ko ya juya ya dira da ƙafa, su suna kallon gwiwa ta lanƙwashe ko a miƙe take, yatsun ƙafa an nuna su ko an bar su kamar na agwagwa, ƙafafu sun rabu a sama, tsagewar ƙafa ta kai yadda ake so ko saura, hannu ya karye a tsayuwar hannu, da kuma dira, wadda ita ce ta fi cin yaranmu. Ƙaramin kuskure 0.1, matsakaici 0.3, babba 0.5. Ɗan taku ɗaya bayan dira 0.1, babban taku 0.3. A filin ƙasa mai mita 12 kowane ɓangare in ƙafa ɗaya ta taka waje da layi an cire 0.1, in biyu ne 0.3. Shi kuwa katakon da 'yan mata ke tafiya a kai, na gasar manya, faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsawonsa mita 5, tashinsa daga ƙasa santimita 125, ku auna tafin hannunku ku gani. Ko ɗan girgiza ta yi don ta riƙe kanta an rubuta.

Yaran da suka koyi alkafura a yashin Binuwai da rani, wallahi wasunsu suna da tsalle da rashin tsoro da ba na iya koya wa kowa, amma ranar farko da aka auna su da wannan ma'aunin sai su sha mamaki, domin a yashi ba wanda ya taɓa ce musu su haɗa ƙafa. Ba su gaza ba, wata ƙa'ida ce daban.

Ka faɗa mana gaskiya tsakaninka da Allah, alƙalai ba sa son kai?

Mutane ne. Suna gajiya, suna kuskure, rana na dukansu, kuma a gari irin namu inda alƙalin yau shi ne kocin wani kulob gobe, zargi ba zai rasa ba, ni ma an zarge ni kuma ni ma na taɓa komawa gida ina ƙunƙuni. Shi ya sa a manyan gasa alƙalan E suna da yawa, a jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa a ɗauki tsakatsakin sauran. Duk da haka ko a Olamfik ba a tsira ba. A Paris 2024 a wasan ƙasa na mata, kocin Jordan Chiles ta Amurka ta shigar da ƙorafi aka ƙara mata 0.1 ta haye ta uku aka rataya mata tagulla, daga baya kotun wasanni ta ce ƙorafin ya makara da daƙiƙa 4, aka mayar da lambar ga Ana Barbosu ta Romaniya. Daƙiƙa huɗu fa. Abin da nake so ku riƙe shi ne ƙorafi koci ke shigar da shi, kuma kan makin D ake yi, ba a ƙorafi kan E. Uba ya taso daga benci ya nufi teburin alƙalai yana nuna bidiyo a waya, wannan ba ya ƙara ko ɗigo, sai dai ya sa yaronsa ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Ni da baban yara ba mu jitu ba. Shi maki da lamba kawai yake tambaya, ni kuma ina cewa in dai tana jin daɗi ya isa. Wa ke da gaskiya?

Wannan ce tambayar da ta sa na yi rubutun nan gaba ɗaya, kuma ba kullum uba ne mai son maki ba, na ga iyaye mata da suka fi kowa zafi a kai.

Bari in fara da ba mai son maki haƙƙinsa, don an cika mayar da shi mugu. Mutum ne da ke biyan kuɗin moto kai da kawowa sau biyu a mako daga Jambutu ko Yalwa, ya sayi kaya, ya jure surutun dangi masu cewa me 'ya mace za ta yi da tsalle-tsalle, to dole ya so ya ga wata shaida a hannu. Wani uba ya ce min, Malam ba girin-girin ba dai ta yi mai. Kuma yana da gaskiya ta wani gefen, gasa gasa ce, in maki ba komai ba ne da ba a kawo alƙalai ba, kuma yaro da ya koyi cewa aiki mai tsafta yana da sakamako ya koyi babban abu. Inda yake ɓata rawarsa da tsalle shi ne in ya mayar da lambar ita ce yarinyar. Ta ci 12 a yi mata fara'a a saya mata tsire, ta ci 10 a yi shiru har gida. Yarinya 'yar shekara tara ba ta iya raba "wasana bai yi kyau ba" da "Baba ba ya sona yau", kuma na lura irin waɗannan yaran su ne ke ƙin gwada sabon motsi, don sabon abu dole a faɗi a cikinsa kafin a iya, su kuma faɗuwa ta zame musu abin tsoro a gida ba a katifa ba.

Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa maki ba komai ba ne. Niyyarsu mai kyau ce amma zan faɗa muku abin da ba ku so, yaran ba su yarda da ku ba. Yarinya ta yi wata uku tana gyara dirarta, ta zo ta yi taku biyu ta rasa lamba da ɗigo biyu tana kuka, ke kuma ki ce haba ai ba komai, wasa ne. A kunnenta kamar kin ce wahalar da ta sha ba komai ba ce. Ta san ta yi kuskure, ta san kin gani, in kika ce komai ya yi daidai gobe ko kin yabe ta da gaske ba za ta ɗauka ba.

Ni inda na tsaya, maki takardar gyara ce. Yana faɗa maka abin da ya faru a minti ɗaya da rabi na wata rana a gaban wasu alƙalai, ba ya faɗin ko yarinya za ta yi nisa. Abin da nake roƙon gida biyun su yi shi ne su daina tambayar ta nawa ta zo su koma tambayar ina aka cire mata. In E ɗinta a bara 7.2 ce bana 8.0 a kan motsi iri ɗaya, Alhaji ga man da kake nema nan ya fito ko ba lamba a wuya, Hajiya ke kuma ga abin yabo na gaskiya da ba sai kin ƙirƙira ba. Matsayi kuwa ya danganta da wa ya zo ranar, ta ɗaya cikin yara huɗu da ta bakwai cikin talatin, wacce ta fi? Na taɓa ganin yaro ya zo na ɗaya don abokan karawarsa biyu zazzaɓi ya kwantar da su, gidansu aka yi ta murna, wata biyu bayan nan ya yi wasan da ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba ya zo na biyar aka ce ya lalace.

Kuma dan Allah in za ku yi wannan gardamar ku yi ta bayan yara sun yi barci.

Na yi masa alkawarin sefa dubu biyar in ya zo na ɗaya, laifi ne?

Ba zan ce haramun ba ne, kuɗinka ne. Amma ka ɗora lada kan abin da ba a hannunsa yake ba, don ba shi ke riƙe da biron alƙali ba kuma ba shi ke hana ɗan wani iyawa ba. In kyauta za ka yi, ɗora ta kan abin da shi ke iko da shi, zuwa horo ba fashi wata guda, ko tsayuwar hannu daƙiƙa goma ba jingina.

In an tashi gasa ba ta yi kyau ba, me zan ce mata a hanyar gida?

Kusan ba komai. A ba ta ruwa, a tambaye ta ko tana jin yunwa. Gyara aikina ne kuma zan yi shi ranar Laraba in zuciya ta huce. In ita ta ɗauko maganar ki saurara, in ta ce na ɓata dirata kar ki ce a'a, ki ce na gani, amma juyin nan da kike tsoro watan jiya kin yi shi. Abin da ba na so shi ne koci biyu, ɗaya a fili ɗaya a kan moto, yarinya ta rasa inda za ta huta.

Gara ya zauna a ƙaramin rukuni yana cin lamba, ko a ɗaga shi sama ya riƙa zuwa na ƙarshe?

Nan ma iyaye sun rabu biyu, kuma abin dariya wani lokaci masu son lamba su ne ke cewa a bar shi a ƙasa. Ni ma'aunina tsafta ce. In motsin da yake yi yanzu sun zauna, E ɗinsa tana sama a kai a kai, kuma ya fara na gaba a horo ba tare da na riƙe shi ba, ya hau ko da zai sha kaye shekara guda. In kuwa har yanzu gwiwa na karyewa a abu mai sauƙi, ɗaga shi neman rauni ne. Masu ce min icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen ma in an matsa yana tsagewa, ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba musamman wuyan hannu da gwiwa da ƙugu.

Da tana alkafurar baya lafiya lau, yanzu ta tsaya cak ta ƙi yi. Iskanci ne ko aljanu?

Ko ɗaya. Abu ne sananne a wasan nan, jiki da kai su daina jituwa, mutum ya tashi sama ya rasa ina ne ƙasa. Ya kama Simone Biles ta Amurka a Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya duniya na kallo, wasu suka zage ta, ta dawo a ƙarshen gasar ta ci tagulla a katako, sannan a Paris 2024 ta kwashi zinare uku da azurfa ɗaya. In ya kama wadda ta fi kowa, 'yarki ba ta yi abin kunya ba. Yakan zo wa yara lokacin da suka yi tsawo farat ɗaya, ko bayan wata faɗuwa, ko in matsi ya yi yawa. Maganinsa komawa baya, a sake daga matakin farko da katifa mai laushi da hannun koci a bayanta, wani mako biyu wani watanni. Tsawa da gori ƙara shi suke, kuma wadda aka tilasta ta tashi da shakka a zuciya ita ce ke dira da wuya.

Ta yi targaɗe kwana uku kafin gasa, mai ɗori ya ja ya ɗaure, za ta iya shiga?

A wurina a'a, ko za ku yi fushi. A kai ta asibiti a duba, in da hali a ɗauki hoto, don abin da ake kira targaɗe a yaro wani lokaci tsagewar ƙashi ne a wurin da yake girma. Haka zancen zafi, watan Maris da Afrilu nan Garwa ana haura digiri 40, katifa kanta ƙuna take, muna mayar da horo sassafe ko mu rage, in azumi ya zo kuma masu azumi miƙa jiki kawai suke yi ba juyi a sama.

Kayan da muke gani a talabijin ba za mu bar 'yarmu ta sa ba. Za a rage mata maki?

Mu nan da dogon wando mai kama jiki da riga suke yi, ba wanda ya taɓa rasa maki a hannuna don haka, sharaɗin dai kar kaya su yi yalwar da za su harɗe ta ko su ɓoye gwiwa alƙali ya kasa gani. A ƙa'idar duniya ma an yarda da rigar da ta sauka har idon sawu, 'yan matan Jamus sun sa ta a 2021 a gasar Turai da kuma Tokiyo. In za a je wata gasa a wani gari ni zan tambayo ƙa'idarsu tun kafin a hau mota.

A ƙarshe dai Malam, wasan nan zai ba shi abinci?

In kana nufin irin na ƙwallo, a ce yau yana Coton Sport gobe an saye shi waje, kar ka sa rai, kuma duk wanda ya ce maka zai kai ɗanka Olamfik da katifa shida da benci ka riƙe aljihunka. Ita Kaylia Nemour ɗin a Faransa aka haife ta a can ta yi horo. Abin da ke kusa da hannu shi ne wasannin makarantu na FENASSCO, da makin EPS a jarrabawar BEPC da Probatoire da Bak wanda ya sha ceto yaran da lissafi ya kayar, da kuma hanyar zama malamin wasanni ta makarantar CENAJES da ke nan Garwa ko ta INJS a Yawunde, wanda aiki ne da ake ci da iyali da shi, ga ni nan. Masu gaggawa kuma su sani ko a duniya ba a shiga gasar manya sai mace ta kai 16 namiji 18, kuma Oksana Chusovitina ta Uzbekistan ta yi Olamfik har takwas, ta ƙarshe tana da shekara 46. Makin da yaro ya ci yana ɗan takwas ba wanda zai tambaye shi.

Za mu iya zuwa kallon horo?

Ku zo mana, ƙofa a buɗe take, kuma duk kocin da ya ce iyaye ba sa shiga inda yake horar da yaransu ku tambaye shi dalili da kyau. Akwai benci a ƙarƙashin darbejiya. Sharaɗi biyu ne, ba a kiran sunan yaro yana tsakiyar juyi, kuma ba a ɗaukar 'ya'yan wasu a waya a sa a Facebook ko TikTok sai da izinin iyayensu. Asabar ƙarfe bakwai muke farawa, wanda ya zo da wuri ya taya mu fito da katifu.